Tarihin Man Gansakuka

Kun san man gyaɗa da man riɗi. Yau za mu ba ku tarihin wani mai da ake fitarwa daga gansakuka.

Cin gansakuka ba sabon abu ba ne. Tun kaka da kakanni matan Kanembu na gefen Tafkin Chadi suke kwasar wata irinta a tafkunan kanwa, su shanya bisa rairayi, su ɓaɓɓare ta, su sa a miya. Sunanta dihe. A 1940 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Dangeard, ya ba da bayaninta. A 1964 kuma Leonard, mutumin Beljiyam, ya tarar ana sayar da ita a kasuwar Fort Lamy, watau Njamena ta yau. Da aka auna ta, sai aka ga fiye da rabin nauyinta abinci ne mai gina jiki, amma mai kaɗan gare ta.

Man kuwa daga wata iri ta teku aka same shi. Masana suka gane man nan na kifin teku, mai taimakon ƙwaƙwalwa da idon jariri, asalinsa daga gansakuka kifin yake samu. Sai aka shiga kiwonta cikin manyan tankunan ƙarfe, ana ciyar da ita da sukari, a busar, sa'an nan a fid da man, kusan yadda matanmu suke matse gyaɗa su bar tunkuza. Likitoci suna ce masa DHA. A 2002 aka fara sayar da madarar jarirai mai ɗauke da shi a Amurka.

To, ku ji gargaɗi. Gansakukar kududdufinku ba dihe ba ce. Waɗansu suna da dafi mai lalata hanta, yana kashe dabbobi, tafasa kuwa ba ta kashe shi. Kada ku ci, kada ku bar yara su sha ruwan da ya yi kore.

Maigida, ba sai ka sayi gwangwani ba. Man nan yana cikin nonon uwa. Ka riƙa kawo wa iyalinka kifi, ko tarwaɗa ko karfasa, mai jego ta ci, ta shayar da nono zalla wata 6. Allah ya raya mana su.