Gidan Mambayya

Gidan Mambayya cibiyar bincike da horaswa ce a kan dimokuraɗiyya da shugabanci, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ba kuma don neman riba aka kafa ta ba. Tana unguwar Gwammaja a birnin Kano, a gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Kabarinsa na nan cikin harabar, ɗakunansa da kayayyakinsa kuma an adana su don masu ziyara. Sunan cibiyar laƙabin mahaifiyarsa ne.

Ta fara aiki a shekarar 2000, Farfesa Attahiru Jega ya shugabance ta kafin ya zama shugaban jami'ar a 2005, daga baya kuma shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa.

Gadon da cibiyar ta ɗauka daga Malam shi ne aƙidar ceton talaka, wadda jam'iyyar NEPU ta zo da ita a 1950, jam'iyyar PRP ta ɗora a kai a 1978. Wannan aƙida ce ta sa gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Jihar Kano ta soke haraji da jangali bayan ta hau mulki a 1979, abin da manoma da makiyaya, daga Wudil har Gaya, suka gani a aljihunsu. Cibiyar dai ba jam'iyya ba ce. Aikinta bincike ne, da buga littattafai, da horar da 'yan siyasa da ƙungiyoyin farar hula, sai laccar tunawa da Malam da take shiryawa duk shekara.