Sabon Birnin Da Waya Ba Ta Sani Ba

Mutumin Sabon Birnin Gwarzo in ya ɗauki wayarsa ya rubuta sunan garinsu a wurin neman labarai, labarin wani gari daban zai fara cin karo da shi, wato Sabon Birnin Gobir da ke gabashin jihar Sakkwato kusa da iyakar Nijar, wanda ta'asar 'yan bindiga ta sa sunansa ya cika kafafen labarai a 'yan shekarun nan. Nasa garin kuwa, mazaɓa guda cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, sai ya yi ta gangarawa ƙasa kafin ya ga an ambace shi, in ma an ambata.

In ya ce bari ya rubuta Gwarzo, ya ƙara jefa kansa cikin ruɗani. Gwarzo gari ne, amma kuma kalma ce ta yau da kullum, don haka za a jero masa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka da gwarzon gasar karatun Alƙur'ani, a haɗa masa da 'yan siyasar da ke amsa sunan garin, irin su Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo da Aminu Abdussalam Gwarzo, waɗanda dukkansu sun hau kujerar mataimakin gwamnan Kano. Farashin masara a kasuwar Getso, ko halin da hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi ke ciki da damina, babu su a jerin. Kabo ma ba ta tsira ba, domin kamfanin jiragen sama na Kabo Air da marigayi Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa ya fi garin suna a intanet.

Bahaushe ya daɗe da maganin wannan. Ba ya barin sunan da ake tarayya a kansa ya tsaya shi kaɗai, sai ya jingina shi: Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Kebbi, Birnin Ƙonni, Sabon Garin Kano, Sabon Garin Zariya. Direban tasha ba zai taɓa loda fasinjan Gobir a motar Gwarzo ba. Masu rubuta kanun labarai ne ke yanke jinginar don tsimin fili, na'ura kuma ba ta da hankalin da za ta mayar da ita. Gyaran farko ke nan, kuma ba ya cin kuɗi: kowane labari ya fito da sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha a maƙale da shi, mai karatu kuma a ba shi damar zaɓar garinsu daga jerin da ya sauko har matakin mazaɓa. Yawancin abin da ake kira labaran yankinka a waya, da an ce Kano an gama, kuma Kanon da ake nufi ta cikin badala ce da kewayenta.

Ita kanta wayar sunayenta sun fi biyar. Waya dai asali zaren ƙarfe ce, daga nan ta zama saƙon da ake bugawa ta cikinsa, shi ya sa har yau muke da gidan waya ko da wasiƙa ake kaiwa. Da layukan MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, sai aka samu salula da wayar hannu da tafi-da-gidanka. Ta zamani mai intanet, 'yan jarida suka raɗa mata komai-da-ruwanka, suna mai daɗi wanda ba kasafai ake jin sa a bakin mai shagon caji ba. Shi abin da ya sani babbar waya da ƙaramar waya. Haka manhaja: malaman makaranta sun san ta da tsarin darussan da za a koyar a shekara, kalmar Larabci ce, yanzu an ɗora mata nauyin Facebook da Opera Mini. Ta karɓu a rubutu, ni ma ita nake amfani da ita, ba ni da ja.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kalmomin da muke yi wa labari rakiya da su. Kalma ta farko ita ce ji: a Hausa labari jin sa ake yi. Wurin da ɗan jarida ya samo maganarsa majiya ce, wato inda aka jiyo. Maganar da ba ta da tushe jita-jita ce, wannan ya ji wancan ya ji. Mai kawo labari da "ka ji?" yake buɗe baki. Rediyo ta zo ta tarar da wannan ɗabi'a ta zauna daram a kanta: Sashen Hausa na BBC tun 1957, Muryar Jamus 1963, Muryar Amurka 1979, Freedom Rediyo a Kano 2003. Ko kalmar karatu, a kunnen wanda ya tashi a makarantar allo, abu ne da ake yi da murya, ana biyawa ana maimaitawa. Masu ƙera manhajojin labarai kuwa suna hasashen mutum ɗaya ne shiru, ido a kan gilashi. A Sabon Birni ko Lakwaya ko Garo, sau da yawa waya ɗaya ce a majalisa, yaro mai boko ya karanta, dattawa su saurara. Dubi yadda saƙon murya ya mamaye WhatsApp, da yadda littattafan Hausa suka koma ana karanta su a YouTube, mata na aikin gida suna bi da kunne.

To, maɓallin da ya fi cancanta ya zauna a saman kowane labari shi ne wanda za a danna a ji. Kada a kira shi da wani dogon suna, "Saurara" ya wadatar. Sai dai aikin da ke bayansa ba ƙarami ba ne, saboda rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Fari ya fi tsanani: akwai na launi, akwai na ɗaukewar ruwan sama, akwai jam'in fara mai cinye amfanin gona, akwai na farko. Mai karanta labarai a rediyo ba ya ko tsayawa tunani, jimlar ce ke gaya masa wanne ne. Muryar na'ura da aka horar da wani harshe za ta karanta wa manomin Kutama gargaɗin fari, ya rasa ko sama zai duba ko maganin feshi zai nema. Kafin a sami na'urar da ta iya karin Hausa, gara gidajen jarida su sa mutum ya karanta manyan labaransu na yini a naɗa, minti biyu-biyu, marasa nauyi yadda ba za su cinye data ba.

Kalma ta biyu ita ce turawa. Ka tambayi mutum inda ya sami labari, amsar da ta fi yawa ita ce "an turo mini". Wannan "an" ɗin ba shi da fuska. Kamfanin WhatsApp ya fara sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri a 2018, a farkon 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a watan Afrilun 2020 kuma saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. Alamar tana cewa saƙon ya bi hannaye da yawa, amma ba ta faɗin hannun farko. Ɗalibin Islamiyya ya san wannan tambaya da sunanta, isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji. Mutanen da suka saba tambayar isnadin hadisi ba za su sha wahalar fahimtar layi ɗaya a ƙasan hoto ko bidiyo da ke nuna kafar da ta fara fitar da shi da ranar da ta fitar ba.

Ranar ma ta fi muhimmanci a ganina. "Da ɗumi-ɗumi" ta lalace a hannun masu shafuka, kowa na manna ta a kan komai. Bidiyon ambaliyar bara, ko hoton rikicin wata ƙasa na shekara biyar baya, sai a dawo da shi da wannan take, hankalin mutane ya tashi. Jaridar Guardian ta Ingila tun 2019 take buga shekarar tsohon labari ƙarara a jikin hotonsa, Facebook kuma a 2020 ya fara jan kunnen mai shirin yaɗa labarin da ya haura kwana 90. Mu muna da sunan da ya fi nasu dacewa, domin tuwon jiya da aka mayar kan wuta da safe ɗumame ne: ana ci, amma ba a kai wa baƙo a ce yanzu aka tuƙa. Da za a riƙa liƙa wa tsohon labari tambarin "Ɗumame: 2021", ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Saura baƙaƙe masu lanƙwasa. Tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, ɓ da ɗ da ƙ suka zauna a rubutun boko, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma da ta fara fitowa a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam ta taimaka wajen kai rubutun lungu-lungu. Waya ta zo ta kusa share su. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, amma kaɗan ne suka san inda ake kunna shi, kuma jaridu da yawa sun haƙura sun koma rubuta kasa a wurin ƙasa, kafa a wurin ƙafa, baki a wurin baƙi. Mai karatu da ido yakan gane daga ma'ana. Wurin bincike ne ba ya ganewa: a shafuka da dama wanda ya rubuta Ƙaraye ba zai ga labarin da aka rubuta da Karaye ba, haka wanda ya rubuta Karaye zai rasa na Ƙaraye. Ga kuma mutanen Maraɗi da Damagaram da ke rubuta ƴa inda mu muke rubuta 'ya. Abin da ake buƙata hawa biyu ne: a wurin bugawa jarida ta riƙe lanƙwasarta, a wurin nema kuma manhaja ta ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, 'y da ƴ a matsayin abu guda, ta kawo duka biyun mai nema ya tsince nasa.