Yadda giya ta bar hannun direba, ta kuma dawo

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma ƙirar 504 ce ta horar da ɗimbin direbobin Arewa. Mai jigila daga Sakkwato zuwa Wurno ko Goronyo a wancan zamani da kunne yake gane lokacin sauya giya, ƙafarsa na bisa kuloci.

A Amurka kuwa, tun 1940 motocin Oldsmobile na General Motors suka fito da Hydra-Matic, na'ura mai sauya giya da kanta. Ta hutar da ƙafa, amma da nakasu guda: gudun mota da nauyin taka totur kaɗai take aunawa, ba ta ganin hanya. Kimanin shekara 50 bayan haka, Porsche na Jamus ya sanya Tiptronic a ƙirar 911. Direba ya sake samun zaɓi: ya tura sandar giya wajen + ko −, ba tare da kuloci ba.

Motocin Kwatano ne suka yaɗa wannan tsari a Arewa, kuma amfaninsa ya fi bayyana a hanyoyin ƙauyukan Rabah da Maikujera, inda rairayin rani kan koma taɓon damina. Motar da aka bari a D cikin rairayi takan yi ta hawa da sauka tsakanin giyoyi, man giya ya ɗauki zafi, ƙarshenta a dangana da bakanike. Wanda ya riƙe ta a giya ta ɗaya ko ta biyu yakan ƙetare lafiya. Ilimin tsoffin direbobin 504 ke nan, kuloci kawai aka cire.