Ƙwallon da Ƙarancin Fili Ya Haifa

Duk wanda ya tashi a Funtua ko Malumfashi ya san yadda damina ke korar 'yan ƙwallo. Filin bayan gari da aka yi ta tamaula a kai tun daga kaka har bazara, da ruwan shuka ya sauka sai mai shi ya iso da garma. Kafin wata biyu masara ta tsaya inda gola yake tsayawa. Sai yara su koma lungu ko harabar firamare, su ajiye silifas biyu nan, biyu can, a rabu biyar-biyar. Manya kan ɗauki wannan a matsayin maneji, kafin a samu filin gaske. To, irin wannan matsin ne ya haifi wasan futsal, wanda yau yake da nasa kofin duniya.

A 1930 ƙasar Yurugwai ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta farko, ta kuma cinye. Zazzaɓin ƙwallo ya kama birnin Montevideo, filaye suka yi wa yara kaɗan. Wani malami a ƙungiyar matasa ta YMCA, Juan Carlos Ceriani, ya shigar da su zauren ƙwallon kwando, ya tsara musu wasan mutum biyar-biyar, yana aron dokoki daga ƙwallon kwando da ƙwallon hannu.

A Brazil wasan ya yi saiwa, musamman a São Paulo. Matsalar farko ita ce ƙwallon kanta: a kan daɓe mai tauri tsalle take yi ta bar fili. Sai aka rage mata girma, aka kashe mata tsalle, har suka riƙa kiran wasan da sunan ƙwallo mai nauyi. A ganina nan ne asirin yake. Ƙwallon da ba ta tashi sama ba ta ba yaro damar dirka ta gaba ya bi da gudu. Dole ya taka ta da tafin ƙafa, ya ɗaga kai, ya nemi ɗan'uwansa. Fili mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, abokin hamayya kullum yana jikinka. In ƙwallo ta fita, daƙiƙa 4 kawai gare ka ka dawo da ita, da ƙafa kuma, ba jifa. Yaron da zai wuni a babban fili yana jiran a tuna da shi, a nan ba shi da wurin ɓuya. Ronaldinho ya taso da wannan wasa, haka ma Neymar a Santos. Masu kallo a gidajen kallon ƙwallo na Funtua da ke tafi idan ɗan wasa ya ja ƙwallo da tafin ƙafa ya zille wa mutum biyu, tarbiyyar daɓe suke yi wa tafi.

An yi gasar duniya ta farko a São Paulo a 1982, ƙarƙashin wata hukuma ta daban. FIFA ta shirya tata a Holan a 1989, Brazil ta ɗauka. A 2024 a Uzbekistan ta ɗauka karo na shida.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Najeriya ta taɓa shiga wannan fage. A gasar 1992 a Hong Kong, ita ce ta wakilci Afirka. An doke ta a wasanninta uku, ta dawo gida, kuma har yau ba ta sake zuwa ba. Masar ta cinye gasar Afirka ta farko a 1996. Maroko, wadda ta damƙa ƙungiyarta ga koci Hicham Dguig ta kuma yi haƙuri da shi shekara da shekaru, ta ɗauki kofin Afirka a 2016 da 2020 da 2024. A 2021 sai a zagayen kwata-fainal Brazil ta fitar da ita daga gasar duniya, da ci ɗaya tilo.

Yaranmu ba su rasa ƙafa ba. Wanda ya koyi yanka da ƙwallon tsumma tsakanin kwata da bangon maƙwabci ya riga ya yi rabin karatun. Abin da yaran Montevideo suka samu, namu suka rasa, shi ne babban da zai ɗauki wasan da muhimmanci: ya shata layi, ya riƙe usur, ya haɗa gasa tsakanin unguwanni, ya rubuta sunan wanda ya yi fice. Mu kuwa da an ce raya ƙwallo sai hankali ya tafi kan katafaren fili irin na Muhammadu Dikko da ke Katsina, wanda yaron Bakori ko Ƙafur zai iya girma bai taka ciyawarsa ba.

Filin babbar ƙwallo guda ɗaya zai ɗauki filin futsal kusan tara. Daɓen siminti mai girman ɗaya daga cikinsu zai shiga harabar makarantu da yawa a yankin nan, ruwan Agusta ba zai mai da shi taɓo ba, ba wanda zai shuka masara a kai. Da kaka ma a shanya hatsi da rana, a share bayan La'asar, a raba biyar-biyar.