Suna da Jari: Nazarin Matsayin Giyar Inabin Alfarma ta Ƙasar Chile a Kasuwar Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda giyar inabin alfarma ta ƙasar Chile ta yi suna a duniya daga 1987 zuwa 2024, da kuma ko sunan ya kai ta zama kadarar da ake zuba jari a cikinta. An ɗora nazarin a kan ra'in tattalin arzikin suna. Binciken ya gano cewa kamfanoni ƙalilan sun sami yabon masana, amma mafi yawan sunan aro ne daga Bordeaux ta Faransa, kuma kasuwar sake sayarwa ba ta yi zurfin da mai jari ke bukata ba.

1.0 Gabatarwa

A Landan da Hong Kong akwai masu sayen akwatunan giya ba don sha ba, sai don su ajiye su a rumbun kwastan shekaru, su sayar idan farashi ya tashi. Shari'ar Musulunci ta haramta wannan ciniki, don haka maƙalar ba shawarar zuba jari ba ce. An zaɓi kasuwar ne saboda tana fito da wata tambaya fili: ta yaya hajar ƙasar da aka sani da araha ke samun darajar da za a biya ta da tsada?

Chile ta dace da tambayar. Sifaniyawa suka kai mata inabi a ƙarni na 16, a tsakiyar ƙarni na 19 kuma attajiranta suka shigo da irin Faransa. Ƙwaron filoksera da ya halaka gonakin Turai bai taɓa shiga ƙasar ba. Duk da wannan tarihi, duniya ta san ta ne da giya mai sauƙin kuɗi ta manyan kantuna.

2.0 Ra'in Bincike da Dabarunsa

Akerlof (1970) ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya tantance inganci kafin ya biya ba, farashin haja mai kyau kan faɗi zuwa na matsakaiciya. Giya na cikin irin wannan haja, domin sai an buɗe kwalba ake sanin abin da ke ciki, wani lokaci bayan shekara ashirin. Tirole (1996) ya ƙara da cewa sunan jama'a gado ne: sabon shiga yana cin albarkacin magabata ko ya ɗauki alhakinsu. A kan haka aka bi diddigin abubuwa uku: haɗin gwiwar kamfanoni, hukuncin masana, da gurbin giyar a ma'aunin farashi na kasuwar Liv-ex ta Landan.

3.0 Hanyoyin Gina Suna

3.1 Haɗin gwiwa da dillanci

Kamfanin Concha y Toro, wanda aka kafa a 1883, ya fitar da Don Melchor daga girbin 1987 a Puente Alto cikin kwarin Maipo. A 1995 Eduardo Chadwick na kamfanin Errázuriz ya haɗa hannu da Robert Mondavi na Amurka suka samar da Seña. A 1997 kuma Concha y Toro ya ƙulla yarjejeniya da Philippine de Rothschild, mai gidan Mouton Rothschild na Bordeaux, aka samar da Almaviva a kwarin na Maipo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne hanyar sayarwa. Tun 1998 ake rarraba Almaviva ta hannun dillalan La Place de Bordeaux, waɗanda suka daɗe suna kai manyan giyoyin Faransa ko'ina a duniya. Matsayinsu kamar na fatoma ne ga baƙon fatake: mai saye bai san baƙon ba, amma ya san gidan da ya sauka. Wannan ya buɗe wa Almaviva ƙofofin da talla ba za ta buɗe ba, sai dai amanar ta dillalan ce tukuna.

3.2 Hukuncin masana

A watan Janairun 2004 Chadwick ya shirya zaman ɗanɗano a Berlin tare da Steven Spurrier, mutumin da ya shirya irinsa a Faris a 1976 inda giyar Kalifoniya ta kayar da ta Faransa. An ɓoye sunayen kwalabe. Viñedo Chadwick na 2000 ya zo na ɗaya, Seña na 2001 na biyu, Château Lafite na Bordeaux na 2000 na uku. Daga baya mujallar Wine Spectator ta zaɓi Clos Apalta na Chile na 2005 a matsayin gwarzon 2008, ta kuma ba Don Melchor na 2021 wannan matsayi a 2024.

4.0 Sakamakon Bincike

Na farko, inganci ya tabbata, amma inganci kaɗai ba ya mayar da haja jari. Mai jari yana bukatar dogon tarihin farashi da tabbacin samun mai saye a ranar da ya so sayarwa. Dimson, Rousseau da Spaenjers (2015) sun gano ribar kashi 4.1 cikin ɗari a shekara, bayan cire hauhawar farashi, tsakanin 1900 da 2012. Amma giyoyin Bordeaux biyar kawai suka nazarta, waɗanda sunansu ke cikin jerin daraja na 1855. Tsofaffin giyoyin alfarma na Chile ba su cika shekara arba'in ba, saboda haka ba za a ɗora musu wannan adadi ba.

Na biyu, gurbinsu a kasuwar sake sayarwa ƙarami ne. A ma'aunin Liv-ex 1000, yankunan Faransa suna da gurbi 840, Italiya 100, sauran duniya baki ɗaya 60. Inda ciniki ya yi ƙaranci, tazarar da ke tsakanin tayi da sallama kan yi faɗi, kuɗin ajiya da inshora da la'ada kuma su cinye ribar.

Na uku, sunan ya tsaya a kan kamfanoni, bai game ƙasar ba. Mai sayen Almaviva yana biyan kuɗin sunan Rothschild gwargwadon yadda yake biyan na Maipo, alhali tarin giyar araha da ƙasar ke fitarwa na ci gaba da ja wa sunanta baya, kamar yadda ra'in Tirole ya hango.

Na huɗu, buƙatar ta jingina da Asiya. Hong Kong ta soke harajin giyar inabi a 2008, yarjejeniyar ciniki tsakanin Chile da Sin kuma ta kawar da kuɗin fito gaba ɗaya a 2015. Wannan ya faɗaɗa kasuwa, ya kuma ɗaure ta da lafiyar tattalin arzikin Sin. Faɗuwar farashin giyar alfarma tun ƙarshen 2022 ta nuna cewa ko giyoyin Bordeaux ba su tsira daga koma-baya ba.

5.0 Kammalawa

Chile ta nuna cewa ƙasa na iya gajarta hanyar samun yabo ta haɗin gwiwa, dillanci da gwajin masana. Amincewar masu jari kuwa ba ta da gajeriyar hanya, domin shekarun ciniki ne ke gina ta. A halin yanzu giyoyin alfarma na Chile haja ce mai inganci da farashi ƙasa da na takwarorinta na Faransa, ba kadara mai sauƙin mayarwa kuɗi ba. Ana ba da shawarar bincike na gaba ya tattara farashin gwanjo na Almaviva da Seña girbi bayan girbi, a kwatanta shi da na Ajantina da Afirka ta Kudu, don a auna ko sunan aro yana zama na kai.