Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Yanki: Tarihin Shari'a a Yerwa

Mu da muka yi aikin magatakarda a kotunan Maiduguri mun gaji sana'ar da ta girmi birnin kansa. Tun ana Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, alƙalan Barno ke hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a 1900. Da Shehu Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, malamai da alƙalai suka biyo shi da littattafansu, unguwanni irin su Shehuri, Hausari da Bulabulin suka yi ta cika.

A zamanin En'e, ƙara ba ta fara daga kotu. Rigimar iyakar gida ko ta gona a gaban bulama ake soma ta, in ta faskara sai lawan, sannan alƙali. Manyan shari'u kuwa, irin na kisan kai, sai majalisar Shehu, a fadar da ke fuskantar Dandal. Dattawan da suka koya mana aiki sun ce alƙali kan zauna a kan buzu, Risala da Muhtasar a gefensa, muhuti na kusa, magatakarda yana rubuta da'awa da sunayen shaidu da Larabci.

Sauyi ya zo daki-daki. A 1960 aka fara aiki da kundin Final Kod, aka kuma kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta Arewa. A 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta ƙwace kotuna daga hannun En'e, ta mai da su kotunan yanki. Daga nan alƙali ya zama ma'aikacin jiha: ta Arewa maso Gabas, sannan ta Barno daga 1976.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin rajistocin kotunan nan. A cikinsu tarihin talaka yake: wa ya sayi fili, wa ta karɓi tumunin gado, wane maraya aka naɗa wa waliyyi. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta shiga Bulabulin da Gwange, ta lalata takardun gidaje masu yawa. Wanda takardarsa ta salwanta, rajistar kotu ce hujjarsa. Ya kamata ma'aikatar shari'a da Jami'ar Maiduguri su ɗauki hoton kowane shafi su adana a kwamfuta, tun masu iya karanta rubutun magabatan nan suna raye.