Daga Risit Zuwa Kariyoba: Tarihin Hukuncin Faɗuwa Jarrabawa a Jami'o'in Nijeriya

Babu jami'ar da ba ta tanadi hukunci ga ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ba, amma hukuncin nan ba iri ɗaya ba ne a kowane zamani. A Nijeriya ya sauya sau ɗaya babban sauyi, wanda ya kamata ɗalibai da ma'aikatan ilmi su san asalinsa.

A shekarar 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan, da ɗalibai 104. Har zuwa 1962 digirin Landan ake bayarwa a can, saboda haka tsarin Ingila ake bi. A wannan tsari shekarar karatu dunƙule take, watau jarrabawar ƙarshen shekara ita ce ke yanke wa ɗalibi hukunci. Wanda ya faɗi takarda ɗaya ko biyu akan ba shi damar sake rubuta su kafin a dawo daga hutun dogon zango, abin da ɗalibai suka sani da suna risit. In ya sake faɗuwa sai ya maimaita shekara ɗungum, har da darussan da ya riga ya ci. In abin ya ci tura a sallame shi. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Zariya a 1962, ita ma tafarkin Ingila ta fara bi.

Amma tun 1960 wani tsari dabam ya shigo ƙasar. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wadda aka kafa da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, ta rarraba karatu zuwa ƙananan kwasa-kwasai, kowane da nauyinsa da jarrabawarsa. Tushen wannan kuwa yana komawa ga Charles Eliot, wanda ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1869, ya kuma buɗe wa ɗalibai ƙofar zaɓen darussa. Da yake kowa da abin da ya zaɓa, sai ya zama dole a riƙa auna kowane kwas shi kaɗai.

Tsarin nan biyu sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ita ce ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ikon shimfiɗa mizani guda, a 1989 kuwa mizanin ya fito, aka ɗora jami'o'i bisa tsarin kwasa-kwasai. Daga nan risit ya kau a yawancin tsangayoyi, kariyoba ta maye gurbinsa: ɗalibi ya wuce aji na gaba ɗauke da kwas ɗin da ya faɗi, ya sake rubuta shi baɗi. Mizanin ya ce wanda matsakaicin makinsa ya gaza 1.00 a ja masa kunne na shekara guda, in bai gyara ba ya bar sashen. Haka kuma digirin shekara huɗu ba ya wuce shida. Sai dai tsangayoyin likitanci sun riƙe risit da maimaita aji.

To, wane ne ya ci ribar wannan sauyi? Sabon tsari ya fi sassauci, domin kwas guda ba ya cinye wa mutum shekara nan take. Amma ya mai da faɗuwa bashi, kuma bashin nan yana da ruwa: sifirin farko yana nan cikin lissafin maki ko da an ci kwas ɗin daga baya. Tsohon tsari yakan biya ɗalibi da azaba ta wata uku, ya huta. Sabon kuwa yakan jinkirta biyan har shekarar ƙarshe, sa'ad da kwas guda zai iya tsare mutum alhali abokansa sun tafi hidimar ƙasa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya rage ga majalisun jami'o'i shi ne su tabbata ranar biyansa ba ta yi wa ɗan talaka nisa ba.